Abin da na koya game da sauya wa manhajar sauke fayil wurin ajiyar wucin gadi

Duk mai sauke manyan fayiloli da manhajar Internet Download Manager (IDM) ya san wannan yanayi: layin da ke nuna ci gaban saukarwa ya kai kashi 99 ko ma ya cika, amma fayil bai fito ba. Manhajar na can tana haɗa guntaye, kwamfuta ta yi nauyi, buɗe burauza ma sai an yi ta jira. Galibi intanet ake ɗora wa laifi, alhali ita ta riga ta gama nata. Cikas ɗin yana kan faifai ne, kuma sai da na fahimci haka sannan sauya foldar wucin gadi ya fara yi mini amfani.

IDM kan yanka fayil gida-gida, ta jawo su ta layuka da yawa a lokaci guda, takwas a saitin asali, kuma ana iya kai su har 32. Guntayen nan suna taruwa a foldar wucin gadi mai suna DwnlData, a cikin AppData\Roaming\IDM na mai kwamfutar, wato a kan C, faifan da Windows ke kai. Idan sun kammala, sai ta karanta su duka ta rubuta cikakken fayil a inda aka ce ta ajiye. Saboda haka ana rubuta fayil sau biyu, kuma akwai lokacin da yake cin wuri ninki biyu. Fayil mai GB 30 yana iya neman kusan GB 60 idan foldodin biyu a wuri ɗaya suke. Shi ya sa wani zai ga saukarwa ta tsaya saboda C ya cika, alhali ya zaɓi ajiyewa a D inda wuri ke nan birjik.

A kan faifan HDD, irin mai juyawa, nan ne abin ya fi tsanani. Allurarsa ba ta iya zama wuri biyu a lokaci ɗaya, don haka sai ta je ta karanto guntu, ta tsallaka wani wuri ta rubuta, ta sake komawa, kuma kowane tsalle yana cin kusan milisakan 10. Taura biyu ba ta taunuwa. Faifan da ke rubuta MB 150 a daƙiƙa idan ba a raba masa hankali ba zai gama GB 30 cikin daƙiƙa 200. Idan shi ne mai karatu kuma shi ne mai rubutu, lokacin zai ninka aƙalla, sannan ga ɓata lokacin tsalle-tsalle, ga Windows ita ma tana neman wannan faifan domin nata ayyukan.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ɗaukar C da D a matsayin faifai biyu. A kwamfutoci da yawa faifai ɗaya ne aka raba gida biyu. Mayar da foldar daga C zuwa D a irin wannan hali yana magance ƙarancin wuri kawai, saurin ba ya ƙaruwa, wani lokaci ma allura ta ƙara nisan tafiya. Kafin a taɓa komai, a danna Windows da R, a rubuta diskmgmt.msc. Idan C da D duk suna layin Disk 0, faifai ɗaya ne. Sai an ga Disk 1 sannan akwai inda za a raba aikin.

Sauyin kansa ba shi da wahala. A bari duk abin da ake kan saukewa ya kammala tukuna, domin guntayensa suna tsohon wuri. A buɗe sabuwar folda mai gajeren suna a ɗaya faifan, misali E:\IDMTemp. A shiga Options na IDM, a je Save to, a nuna wa Temporary directory wannan folda, a rufe manhajar a sake buɗe ta. Sannan a gwada da fayil mai kamar GB 1, a leƙa a tabbatar guntayen a sabon wurin suke sauka. Tsohuwar foldar kuma kada a yi gaggawar goge ta sai an tabbatar babu wani rabin aiki da ya dogara da ita.

Ga mai SSD, wato faifan da ba ya juyawa, da HDD a kwamfuta ɗaya, abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a sa wucin gadi a SSD, cikakken fayil ya sauka a HDD. Rubutu daga layuka takwas a warwatse yake zuwa, kuma SSD ba shi da allurar da za ta wahala. HDD kuma ya samu irin aikin da ya fi iyawa, wato dogon rubutu a jere. Wasu na tsoron kada hakan ya kashe musu SSD. Gaskiya ne rubutu yana cinye shi a hankali, amma da yawa daga masu GB 500 ana ba su garantin rubutun da ya kai wajen TB 300. Mai sauke GB 20 kullum zai rubuta kusan TB 7 ne a shekara. Abin lura dai shi ne kada SSD ɗin ya cika maƙil, domin saurin rubutunsa yana raguwa idan sarari ya yi ƙaranci. Wanda kuma NVMe, wato nau'in SSD mai saurin gaske, kaɗai gare shi, mai wadataccen wuri, ya bar foldar a inda take, domin da ƙyar zai ga bambanci.

Akwai wuraren da sam bai kamata a kai ta ba. Filash ko faifan waje da ke kan USB 2.0 da wuya ya wuce MB 35 a daƙiƙa, kuma idan aka zare shi aka mayar Windows na iya ba shi wani harafi, manhajar ta nemi guntayenta ta rasa. Faifan da aka yi wa tsohon tsarin ajiya na FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai GB 4, don haka tsarin NTFS ake so. Foldar da OneDrive, mai kwafe fayiloli zuwa intanet, ko makamancinsa ke kula da ita ma matsala ce, domin zai riƙa tura guntayen sama yana cinye layin da ake sauke fayil da shi. Ana kuma ba da shawarar a hana riga-kafin bairos duba foldar wucin gadi don a rage nauyi. Ni ba na son wannan sai dole, kuma ko an yi, lallai a bar foldar ƙarshe ƙarƙashin dubawa.

Wannan ƙa'ida ta raba faifai ba ta hau kan kowace manhaja ba. qBittorrent, manhajar sauke fayilolin torrent, ba ta haɗa guntaye a ƙarshe, kai tsaye take rubutawa cikin fayil ɗin. Idan aka kunna mata foldar abubuwan da ba su kammala ba a ɓangaren faifai ɗaya da wurin ajiya, matsarwar nan take ce, domin adireshi kawai ake canzawa. Idan aka raba su, sai an kwafe komai daga farko har ƙarshe. Chrome da Firefox kuwa suna rubuta .crdownload da .part ne a foldar da fayil zai zauna, su sauya suna idan an gama.

Kafin sauyi da bayansa a auna. A buɗe Task Manager, a shiga Performance, a kalli Active time, wato kason lokacin da ake aiki, na faifan yayin saukarwa da lokacin haɗawa. Layin intanet mai Mbps 100 ba ya kawo fiye da MB 12.5 a daƙiƙa, wanda ko tsohon HDD zai shanye, don haka a nan matakin haɗawa ne kaɗai zai gajarta. A layi mai Gbps 1, inda MB 125 ke iya shigowa a daƙiƙa, faifan kan iya zama shi ne ke riƙe saukarwar kanta. Alamar ita ce a ga Active time ya maƙale a kashi 100, saurin manhajar yana hawa yana faɗuwa. Idan kuwa faifan yana zaune a kashi 10 ko 20 amma abu na tafiyar hawainiya, sai a duba layin ko sabar da ake jawo fayil ɗin daga gare ta.