Tambayar da ta jawo ma ɗan yayata dorina

Ɗan yayata yana SS2, yaro ne mai shegen tambaya tun yana ƙarami, irin wanda in ka aike shi sayen Maggi sai ya tsaya tambayarka mi ya sa ake ce mai Maggi. Makon jiya na biya gidansu can Mabera cikin garin Sakkwato bayan la'asar, na iske shi bakin zaure ya haɗe rai, uwar kuma tana ciki tana ta faɗa ita kaɗai. Ashe a Islamiyya ne ya ɗaga hannu ya ce malam na ga wani a TikTok yana cewa in komai sai da wanda ya yi shi, to shi Allah wa ya yi shi, mi za a ce ma wanga mutum? Malam bai ce uffan ba, dorina kawai ya jawo, aka kuma aiko ma Yaya wai ta ja ma ɗanta kunne kafin ya lalata sauran yara.

Da na kai maganar majalisarmu da dare sai gardama ta ɓarke, wani abokinmu mai son karance-karance ya ce ai ƙasashen da sunka ci gaba har darasin mulhidanci, wato musun samuwar Allah, ake yi ma yara, mu ma a fara. Nan take aka yi mai ca. Ni dai na ce mai ya fara bambance abu biyu tukuna. A Ingila a 2015 babbar kotu ta ce gwamnati ta yi kuskure da ta bar ra'ayin marasa addini a waje cikin tsarin darasin addini na sakandare, Wales kuma tun 2022 ta canza ma darasin suna ta shigar da su ciki, wannan sanar da yaro ne cewa ga abin da wasu ke faɗi. Amma abin da Tarayyar Sobiyet ta yi daban ne, can dole ce aka yi ma ɗalibai su karanta cewa babu Allah, Albaniya ma a 1967 rufe masallatai da coci-coci ta yi gaba ɗaya. Wanne kake nufi? Sai ya kama sosa ƙeya.

Na biyun dai ko tsarin mulkin 1999 bai yarda da shi ba, sashe na 38 ya hana a tilasta ma yaro darasin wani addini da ba nashi ba ko wanda iyayenshi ba su aminta ba, balle a ce za a zauna a karantar da shi fita addinin. Kuma ku tuna hayaniyar da anka yi a 2017 don kawai an cusa IRK da CRK, wato darussan addinin Musulunci da na Kirista, ƙarƙashin inuwa ɗaya, har sai da gwamnati ta ja da baya. Mu da munka ga abin da ya faru cikin garin ga a watan Mayun 2022, lokacin da anka kashe wata ɗaliba kan zargin ɓatanci har aka sa dokar hana fita, wane malami ne zai shiga aji ya rubuta "mulhidanci" saman allo? Ko albashi biyu za a ba shi ba ya yi.

To amma wallahi ni dorinar nan ta fi ci mani rai, don yaron ba gardama ya je yi ba, amsa ya je nema ya kai ma mai bidiyo. Darasin da muke tsoron a sa cikin manhaja ai ya riga ya shigo, yana cikin aljihun yaranmu, da data ta ɗari biyu ake karatunshi cikin dare an lulluɓa da zane, kuma malamin can ba ya duka, murmushi yake yi. Mubarak Bala ɗan Kano ne, gidan Musulmi ya tashi kafin ya zama mulhidi, an yanke mai shekara 24 a 2022 kan zargin ɓatanci, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage, to ko bidiyo ɗaya hukuncin ya goge daga wayar ɗan yayata?

Kuma abin da ke ba ni mamaki, malamanmu na da ba haka sunka yi ba. Alƙur'ani da kanshi ya kawo maganar dahriyya cikin Suratul Jasiya, masu cewa ba wata rayuwa sai ta duniya kuma zamani ne kawai ke halaka mu, ya kawo ta sarai sannan ya ba ta amsa, cikin Suratuɗ Ɗur kuma ya tambaye su ko an halicce su ne ba daga komai ba ko su ne masu halittar. Imam Gazali kafin ya rubuta raddinshi ga masu falsafa sai da ya fara rubuta littafi guda yana bayanin abin da suke nufi tsaf, don kada ya yi dambe da inuwa. Nan gida ma jikan Shehu ɗan Fodiyo, Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, falsafa ya karanta ya kuma rubuta. Shi kanshi Shehu ya yi faɗa da ɗaliban da ke tare talakawa da tambayoyin tauhidi suna kafirta su. Yau kuma ɗan shekara sha shida ya yi tambaya mun rasa abin ba shi sai fatar dorina.

Yaya ta ce mani kai dai ka cika kawo ƙabli da ba'adi, ba hadisi ya ce in Shaiɗan ya kai mutum ga wa ya halicci Ubangijinka ya nemi tsari ya bari ba? Na ce haka ne Yaya, ban musa ba, amma ai akwai sahabban da sunka zo suna cewa muna jin abu cikin zukatanmu da ba mu iya furtawa, Manzon Allah (SAW) bai kore su ba, cewa ya yi wannan shi ne tsantsar imani. Abin da nake so ke nan a sa cikin IRK, babi ɗaya rak, ga abin da masu musun samuwar Allah ke faɗi, a faɗe shi yadda suke faɗinshi ba tare da an murɗe ba, ga kuma amsar malamai. Matsalar ita ce sai an fara karantar da masu karantarwar, don na tabbata malamin nan ba mugunta ce ta sa ya yi duka ba, amsar ce babu.

Ranar Alhamis na ɗauki yaron a mashin na kai shi wurin wani tsohon malamin zaure kusa da Hubbare. Ya saurare shi har ƙarshe ya yi dariya ya ce ɗana, in ka je rancen kuɗi wurin wani ya ce sai na ranto wurin wane, shi ma wanen ya ce sai ya ranto wurin wani, haka har ba iyaka, kuɗin za su taɓa zuwa hannunka? Yaro ya ce a'a. Ya ce to in ka ga kuɗin a hannunka fa? Ya yi shiru can ya ce akwai mai su na kanshi ke nan, wanda bai ranto ba. Malam ya ce ya dawo mako mai zuwa da sauran tambayoyin.

Muna hanyar komawa wajen Gawon Nama ya taɓo ni ta baya ya ce Kawu sa mani data mana, akwai wani bidiyon kan wahalar da jarirai ke sha da nake so in rubuto ma malam. Na sa mai ta ɗari biyar, ban dai gaya ma Yaya ba.