Takalmi Nake Fara Dubawa

Likitancin ƙafa ne aikina. Duk wanda ya shigo wurina, kafin ya buɗe baki na riga na kalli takunsa daga ƙofa zuwa kujera. Daga nan sai in ce ya miƙo takalminsa. Wasu har haushi suke ji, wai ƙafa ke ciwo ana duba takalmi. To, gefen da takalmin ya cinye shi ke nuna mini inda nauyin jiki yake sauka.

Wajen malamata na ɗauko wannan. Mace ce marar yawan magana, ga tsanani. Makonni muka yi muna fere kyandir da wuƙar tiyata, sai ta ga abin da ka fere ya fito siriri kamar takarda kafin ta bari ka taɓa kantar mutum. Ranar da na fara ɗaukar siffar ƙafa da filasta, sau 4 ta wurga aikina a kwandon shara, domin na bar diddigen ya karkace. Na yi fushi a ranar. Yau da hannun da ta gyara nake cin abinci. Karatun ma ba na wasa ba ne: a Ingila digiri ne na shekara 3, a Amurka kuwa shekara 4 bayan digirin farko, sannan a ƙara wasu 3 na horo a asibiti. Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 gare ta da gaɓoɓi 33, kuma sai ka san kowanne da yatsanka, ba a littafi kawai ba.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan aka ce, "Haba Likita, farce ne fa kawai, a yi mana ragi." Farcen babban yatsa da ya shige nama, allurar kashe zafi nake yi a gindin yatsan, in tsaga siririn gefen da ke sukar naman har tushensa, in cire, in sa wani sinadari mai suna fenol a wurin don kada ya sake tsirowa. Sauran farcen yana nan da kyansa. Wanda bai iya ba sai ya yanke kusurwar ya bar tsini a ciki, bayan wata guda a dawo da mugunya.

Aikin da na fi natsuwa a kansa shi ne ƙafar mai ciwon suga. Akwai wani siririn zaren roba da ke lanƙwasawa idan ya kai nauyin giram 10. Nakan sa mutum ya rufe ido, in dinga taɓa tafin ƙafarsa da shi. Wani dattijo na taɓa shi wuri-wuri, yana ta jira in fara. Na ce, "Baba, ai na gama." Jijiyoyin sun daina kai saƙo. Da na fere kantar da ke ƙasan babban yatsansa, sai ga gyambo a ɓoye. Ashe wani mai gyaran farce ne ya kankare masa da reza, ya kuma manna masa filastar cire kanta mai asid, wadda mai suga bai kamata ya kusance ta ba. Watanni muka yi muna wanki da ɗauke nauyi daga wurin kafin ya rufe. Yatsan dai yana nan.

Su masu reza ɗin nan da masu tallan shimfiɗar cikin takalmi a intanet, jirgi ɗaya ya kwaso su. Soso ne aka yanka girma ɗaya, a ce maganin kowane ciwon diddige. Ni kuwa sai na tambaya ko zafin ya fi tsanani a takun farko da safe, in matsa gindin diddigen, in gwada ko agara ta ɗaure. Sau da yawa miƙa jijiya da sauya takalmi sun isa, kuma haka nake faɗa ko da ban sayar da komai ba. Idan shimfiɗar ta zama dole, da siffar ƙafarka ake yin ta, in goge ta da hannuna, ka dawo bayan mako 2 mu ga inda take matsa maka.

Targaɗen idon sawu, faso, ƙaiƙayin tsakanin yatsu, duk muna dubawa. In za ka zo, ka taho da takalmin da ka fi sawa, ba na fita unguwa ba.