Haddar konjigezon ba ta hana ɗiyata rubuta "sa livre" ba

Mun cire ɗiyarmu daga lakwal tana aji CE1, wato shekara ta uku a firamare, saboda ciwon sikila. Da sanyin hunturu ya shigo sai ta kwanta, kwanakinta a gida sun fi na aji yawa. Ƙanenta ma muka haɗa shi da ita, tunda malami ɗaya za a biya. Lissafi da karatu ba su ba mu wahala ba. Nahawun Faransanci ne ya ci mana kuɗi, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Malamin da muka ɗauka yakan zo gidanmu a unguwar Zariya bayan la'asar. Hanyarsa ɗaya ce tal: haddar konjigezon, wato teburin yadda fi'ili ke sauyawa. Ya cika allo da fi'ilan être da avoir, yara su yi ta rerawa kamar a makarantar allo, har 'ya'yan maƙwabta sun iya je suis, tu es ta kan katanga. In na tambaye shi sai ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, sun iya." Sun iya ɗin kam, a baki. Ranar da na buɗe kayenta na dikte, wato littafin shifta, jan bik ya cika kowane shafi, kuma kusan duk wuri ɗaya take faɗuwa. Littafin yarinya ta rubuta sa livre, motar yaro ta rubuta son voiture, alhali daidai ɗin son livre ne da sa voiture. Shi kuwa sai ya zagaye da ja, ya sa ta kwafi daidai ɗin sau da yawa, gobe ta sake. Wata da watanni ana biyansa, bai taɓa tambayar kansa me ya sa ba.

Dalilin kuwa a fili yake. Yarinyar da Hausa take tunani. Mu muna cewa littafinta, littafinsa: ta da sa mai abin suke bi. Ta ɗauka son da sa na Faransanci ma haka ne, alhali su jinsin abin suke bi, ba ruwansu da mai shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Hausar da ta jefa ta cikin kuskuren ita ce ta fid da ita. Na rubuta littafinta da motarta a kan ardwaz, ɗan allon rubutu, na rufe ta ɗin ƙarshe da yatsa, na ce ta dubi harafin da ya rage. Ga n, ga r. Na ce, wa suke bi? Ta yi shiru, can ta ce, "Mama, littafin da motar." Na ce to son da sa aikin n da r suke yi. Daga nan jan bik ya fara raguwa.

Sai dai a kula, jinsin ba ya haɗuwa tsakanin harsunan biyu. Rana ta fito, wata ya fito, amma le soleil, la lune. Gida namiji ne, maison mace. Kasuwa mace, marché namiji. Don haka ba na barin su koyi suna tsirara, sai da le ko la ɗinsa.

Haka ma wutsiyar fi'ili da ba a furtawa. Il mange da ils mangent a kunne ɗaya suke, mu kuwa yana ci da suna ci ko jariri ya ji bambanci. Yanzu kafin su rubuta sai su juya jimlar da Hausa tukuna. In irin "suna ci" ce ta fito, a sa nt a ƙarshen fi'ilin. Wannan ɗan juyin ya yi abin da rera tebur bai yi ba.

Da na nuna wa malamin sai ya ɓata rai, wai shigar da Hausa cikin darasi yana ɓata Faransanci. Na ce, "Malam, ai tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Zinder ana koyar da yara da Hausa, kuma a 2025 hukumar Nijar da kanta ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci na aiki. A tsakar gidana ne za a hana ta?" Wata na ƙarewa muka sallame shi, ba faɗa. Kuɗin baya dai sun tafi.

Ban daina hadda gaba ɗaya ba, être da avoir dole a haddace su kafin jarabawar CM2, ajin ƙarshe na firamare. Inda muke fama yanzu ils da elles ne, don su ɗinmu bai san namiji da mace ba, nan Hausa ba ta da abin ba mu aro. Ƙaramin har yanzu yana gardamar me ya sa mata tara da namiji ɗaya za su zama ils, yayarsa kuma ta fi shi jin haushi.