Sallah a Katsina, gaisuwa a ƙasar Malumfashi

Tashar Kawo ta Kaduna ba wurin taya farashi ba ce idan ana jibi Babbar Sallah. Abin da ɗan kamasho ya yanka shi ne kuɗin mota, in ka tsaya gardama akwai mai jakar bakko a bayanka da zai haye kujerar. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa gida ya zama abin da ma'aikaci ke yi wa tanadi tun albashin watan da ya gabata. Ni da yara muka matsu a kujerar baya ta Sharon, autata a kan cinya. Maigida ya riga mu yin gaba, wai zai kama rago tun dillalai ba su haukace ba.

Daga Kaduna zuwa Zariya ba abin faɗa. A Kwangila muka saki hanyar Kano, muka bi ta Samaru, muka wuce ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, sai Shika, sai Giwa. Damina ta sauka, masara ta fara ɗagowa, ko'ina ka duba mutane ne sunkuye suna noman fari. Direbanmu ba ya son tsayawa. Wani dattijo ya roƙe shi ya ɗan dakata a Funtuwa ya sayi tsaraba, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan hanyar ba a yi mata yamma." Ba wanda ya tanka, kowa ya san abin da yake nufi. Tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 ko yaro ya san halin da kudancin jihar ke ciki.

Sai da muka wuce Bakori muka isa Malumfashi ya tsaya aka yi Azahar. A wani ƙauye na ƙasar nan aka fara tura ni koyarwa bayan na gama NCE, ina budurwa, ina kwana a ɗakin da mai gari ya ba ni a gidan ƙanwarsa. Na nuna wa babban ɗana mararrabar da ake shiga, ya leƙa ta taga ya ga jar hanya da 'yan acaɓa a gindin darbejiya, ya koma kan wayarsa. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama, masara ta ba gero da dawa wuri. Gidan Mutum Ɗaya, Kankiya, Charanci inda raguna suka cika bakin titi, sannan Ƙofar Ƙaura ana shirin kiran Magariba.

Gidanmu na gado idan Sallah ta zo ba ya ɗaukar mu, amma ba a taɓa jin wani ya kama otal ba, Baba ba zai lamunta ba. Shi har yau "lardin Katsina" yake cewa, duk da an yanke jihar daga Kaduna tun 1987. Yayanmu ya taho daga Legas da matarsa da ke koyon Hausa a bakin jikoki. Goggo ta iso daga Maraɗi ta hanyar Jibiya da cuku da dabino, tana ta ba da labarin watannin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, yadda ta rasa bikin jikarta alhali tafiyar ba ta kai ta Katsina zuwa Kano ba. Mata a ɗakin Inna, maza a zaure da shago, yara duk inda barci ya kayar da su. Daren Sallah ba a runtsa ba: masu kitso na yi, masu lalle sun ɗaure ƙafa da leda, ƙullun waina na tashi a roba, tela kuma bai kawo ɗinkin mutum uku ba, ana ta aika masa yaro.

Ranar Sallah bayan an sauko Idi aka yi yanka, aka feɗe, aka soya kayan ciki, aka rataye sauran ya kwana ya sha iska. Yara suka tafi Ƙofar Soro kallon dawaki. Ni dai a ganina washegari ce Sallar mata, ranar rabo da suya, lokacin da ake zama kewaye da murhu, mai na tafasa, hayaƙi na shiga ido, ana fito da labarin shekara guda: wa ta haihu, wa aka saka, wa ya gina gida, wa ya ci bashi bai biya ba.

A nan na ji. Wata 'yar baffana da ke aure a ƙasar Malumfashi tana juya nama da mataki ta ce, "Af, Yaya, kin ji ɗiyar nan taki bahaguwa ta rasu? Wurin haihuwa. An ma yi arba'in." Ta faɗa ta wuce zuwa zancen tsadar manja. Ba ta yi da mugun nufi ba, a wurinta labari ne cikin labarai. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na tashi na shiga ɗaki. Goggo ta biyo ni tana tambaya ko hayaƙi ne. Da na gaya mata ta ce, "Allah ya jiƙan ta. 'Yar wa ce a danginmu?" Na ce ɗalibata ce. Ta ce, "Ayya," ta koma wurin suya.

Ban ga laifin Goggo ba. Idan mutum ya rasu an san waɗanda ake yi wa gaisuwa: iyaye, miji, 'yan'uwa, surukai, har maƙwabta. Malamin makaranta ba ya cikin lissafin. Ba wanda zai tuna ya buga masa waya, ba wanda zai ce masa ya haƙuri. Ga shi kuwa yarinyar nan shekara uku tana zaune a gabana daga safe zuwa Azahar. Da hagu take rubutu, kuma kafin ta zo ajina an sha kwaɗa mata rula a yatsu don ta koma dama, har ta koyi ɓoye littafi a ƙarƙashin hijabi tana rubutawa a sace. Lissafi kuwa sai dai a yi shiru. Tallan awara take yi da yamma, ba ta taɓa ɓatar da canjin kowa ba. Da ta gama aji uku na ƙaramar sakandare ni da shugabar makaranta muka yi ta zarya wurin mahaifinta har ya bari ta ƙarasa aji shida kafin aure.

Kashegari na ce zan je gaisuwa. Yayanmu ya ce ana Sallah, hanya ba kyau, a yi addu'a daga nan mana. Baba ne ya raba gardama, ya ce zumunci a ƙafa yake, ya sa ƙanena ya kai ni, da sharaɗin mu juyo kafin La'asar. A mararraba muka bar mota muka hau babura saboda ruwa ya cinye hanyar. Makarantar na nan, an yi mata fenti, rufin aji ɗaya ya yaye.

Mahaifiyarta na ganina ta saki muciya ta ce, "Malama, ke ce?" Ta shimfiɗa mini tabarma a ɗaka, ba a tsakar gida ba. Na ce, "Inna, ya haƙuri?" Ta ce, "Haƙuri ya zama dole. Ya namu haƙurin, Malama? Ai ke ma ɗiyarki ce." Abin da na riƙe tun jiya a nan ya ƙwace mini.

Ta ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Haihuwa ta uku ce, ta kuma je awo. Naƙuda ta taso bayan Isha, ungozoma ta karɓi yaro lafiya, sai jini ya ɓalle. Mai mota ɗaya ne a garin, ya ce ko nawa za a ba shi ba zai fita daji da dare ba, kuma ba wanda ya zarge shi, don an taɓa tare mutane a hanyar. Suka jira asuba. Da aka isa asibiti aka ce a nemo jini, mijin da ƙannensa suka miƙa hannu, kafin a gama gwaji rai ya yi halinsa. Zubar jini bayan haihuwa na kashe mace cikin 'yan sa'o'i, su kuwa dare guda suka yi suna kallon ta. Inna ta ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma har na bar garin ina auna tazarar da ke tsakanin gidan nan da titi, wadda babur ya cinye kafin in gama gyara mayafi.

Jaririn na raye, wata matar ƙanen mijin ce ke shayar da shi tare da nata. Can Inna ta jawo wata leda daga ƙarƙashin katifa ta fito da littafin rubutu mai bangon shuɗi. Ashe marigayiyar ce uwar adashen matan unguwar. Tun da ta rasu zubi ya tsaya, an fara 'yar tsama, wannan ta ce ita ke da kwasa, waccan ta ce ta zuba ba a rubuta ba, kuma ba wadda ta iya karanta littafin. Na buɗe. Rubutun nan nata ne mai kwantawa baya, ta ja layi da rula, suna a gefe, ranar kasuwa a sama. Aka kira matan suka cika ɗakin, na bi layi-layi ina karantawa suna amsawa. Babu inda lissafin ya karkace. Wadda ke da kwasa ta fito fili, wadda ta ce ta zuba ta tuna ashe makon suna ne ba ta kawo ba, aka yi dariya, wasu na share ido da bakin zane.

Muna shirin tashi Inna ta kira wata yarinya mai kamar shekara goma sha biyu, ƙanwar marigayiyar, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta gama firamare bana. Inna ta ce, "Malama, da za ki tafi da ita Kaduna ta yi karatu a hannunki, da na ji daɗi. Uban ya amince." Ƙanena ya dube ni, ya dubi agogo. Ɗaki biyu gare mu a Kaduna, albashi kuma kowa ya san yadda yake, ga shi ban shawarci maigida ba. Na ce mata zan kai maganar gida, na karɓi lambar wayar maƙwabcinsu.

Da daddare na faɗa wa maigida. Ya yi tambaya a kan kuɗin makaranta da wurin kwana, ya ce kada a yi wa mutane alkawarin da za a kasa cikawa. Baba da ke jin mu daga zaure ya ɗaga murya ya ce shi zai ɗauki kuɗin littattafai da yunifom. Mun tsaya a kan zan koma in ɗauko ta a watan Satumba, kafin a buɗe makarantu.