Daren Laraba, a Hanyar Laburare

Ƙarfe sha ɗaya saura na dare. Yanzu na shigo ɗaki, gabana bai gama faɗuwa ba, barci kuwa na san ba yanzu ba.

Da safe na makara lakcar tarihin ilimi, na tarar aji ya cika maƙil, sai a matakala na samu wuri, littafi a cinya. Malam yana bayanin asalin jami'o'in Turai. Ni da na ɗauka wani sarki ne ya wayi gari ya ce a gina jami'a. Ashe a jami'ar Bolonya ta Italiya, wadda ake ƙirga farkonta daga 1088, ɗalibai baƙi ne suka haɗa kai don kare kansu. Masu gidajen haya suna tsawwala musu, kuma in ɗan ƙasarsu ya ci bashi ya gudu, su ake damƙewa. Irin wannan ƙungiya ce ake kira "universitas" da Latin. Sai a tsakiyar ƙarni na 12 Sarki Frederick Barbarossa, mai mulkin Jamus da arewacin Italiya, ya ba da doka ta kare matafiya neman ilimi. Jami'ar Kambirij ta Ingila ma tsoro ne ya haife ta, domin a 1209 ne wasu masu karatu suka tsere can daga jami'ar Okasfod bayan rigima da mutanen gari.

Wani daga can baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to mu wa zai ba mu tamu dokar?" Aka kwashe da dariya. Malam bai yi dariya ba. Ya ce a Amurka sai da aka kashe wata ɗaliba, Jeanne Clery, a ɗakin kwananta a 1986, sannan a 1990 aka yi dokar da ta tilasta wa jami'o'in da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya su riƙa bayyana laifukan da ake aikatawa a harabarsu. Ajin ya yi tsit.

Rana ta tafi a layin buga takardu da neman inda zan yi cajin waya.

Da daddare na shagala da karatu har aka kaɗa ƙararrawar rufe laburare. Abokiyar ɗakina ta riga ni tafiya, ba ta jin daɗi. Tsakanin laburare da hostel ɗinmu akwai fitilu uku a jere da suka mutu tun farkon zango, daidai inda ciyawa ta fi tsawo. Mun rubuta koke sau biyu, shiru kake ji. Abin haushin, fitilun ƙofar shiga jami'a, inda baƙi ke gani, ba su taɓa mutuwa ba.

Ina shiga duhun na ji taku a bayana. Na ƙara sauri, takun ya ƙara. Na rage, ya rage. Na damƙe makullina a tafin hannu, bakina sai addu'a, na juya na haska tocilan ɗin waya.

Yarinya ce 'yar aji ɗaya, ta rungume jaka a ƙirji, idanunta kamar su faɗo.

"Anti, don Allah ki yi haƙuri. Tsoro nake ji, shi ne nake bin ki."

Dariya ta kusa ƙwace mini, hawaye ma haka. Na ce ta matso mu jera. A ƙofar hostel mai gadi ya leƙo daga rumfarsa, rediyo a kunne.

"'Ya'yana, ku daina kaiwa wannan lokaci ku kaɗai."

"Baba, jarrabawa ce ta matso."

"To ku riƙa tahowa a ayari. Ni kaɗai ne a nan, ba zan iya barin ƙofa ba."

Na karɓi lambar yarinyar, na buɗe mana zaure a WhatsApp na masu dawowa daga laburare. Kafin in cire takalmi mun zama mu tara. Gobe ƙarfe goma saura kwata, a gindin matakalar laburare, kowa da tocilan.