Falona, kuɗin adashi da mai dekoreshon

Tunda na saka hoton falona a status mutane suka hana ni sakat, wa ya miki, nawa kika kashe, wata ma cewa tayi ai daga gani Baban yara ya samu kwangila. Wace kwangila ana zaune ƙalau? Kuɗin adashina ne na wata goma, N600,000 cif, kuma wallahi sai da na kusa zubar da su a inda bai dace ba.

Gidan haya muke a Rijiyar Zaki a Kano, ɗaki biyu da falo. Kayan falon tun na aurena ne shekara tara kenan, kujerun sun lotsa in ka zauna sai kaji katako a ƙasanka, labulaye rana ta cinye kalarsu, bango kuwa yara sun maida shi allo, biro, fensir, har da jambakina. Ni kuma dare yayi ina kwance ina ta kallon falon mutane a Instagram, silin na POP da fitilu ta ko'ina, farar kujera, bango yasha wolfefa, raina ya biya.

Mai dekoreshon ta farko da na yiwa magana irin manyan nan ce masu mabiya da yawa. Na gaishe ta na faɗa mata abin da ke hannuna, sai bayan kwana biyu ta amsa, tace Hajiya kiyi haƙuri aikinmu daga miliyan biyar yake farawa, zuwa duba gida ma kuɗinsa daban. Naji haushi a lokacin ba zan ɓoye ba, amma daga baya da na shiga kasuwa da ƙafata na daina ganin laifinta. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni, komai ya tashi, dala da take ƙasa da N500 a farashin gwamnati sai gata ta haura N1,500 a farkon 2024, kuma su kayan nan da muke gani muna sha'awa, wolfefa, fitilu, kafet, yawanci daga Chaina da Turkiyya ake shigo da su, dala suke bi.

Wadda ta min aikin ƙanwar wata abokiyar aikina ce, yarinya ce bata daɗe da gama karatun zanen gine-gine ba, tana ɗan fara neman suna. Tazo da tef ɗin awo da ɗan littafi, na zaunar da ita na fara nuna mata hotunan da na tara a waya, sun fi arba'in. Ta kalli uku ta miƙo min wayar tace Anti gidan nan naku ne ko haya? Nace haya. Tace yara nawa, nace uku, ƙaramin shekararsa biyu. Tace to Anti a cire POP, a cire farar kujera, a cire wolfefa.

Na ɗan ɓata rai, nace to me ya rage kenan, me na kira ki kiyi? Tayi dariya tace duk abin da ba zaki iya ɗorawa a mota ranar tashi ba kada ki zuba masa kuɗi mai yawa, kiyi POP yau gobe mai gida ya leƙo yaga gidansa yayi kyau ya ƙara muku kuɗin haya, ko ya baku notis ya saka wani. Na rasa bakin magana don maƙociyata haka aka mata, ta sa tayil da kuɗinta shekara na zagayowa aka ƙara musu haya. Farar kujera kuma tace in tuna da hunturun Kano, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko ka rufe taga ƙura sai ta shigo, ga yara da hannun manja. Kafet mai rufe falo gaba ɗaya ma ta hana, tace ƙura yake ɓoyewa kuma ba ya ɗaguwa a kakkaɓe, tunda akwai tayil a ƙasa ƙaramin na tsakiya ya wadatar.

Maganar kuɗi ita ce na fi so masu niyyar ɗaukar mai dekoreshon su ji. Wasu kaso suke ɗauka daga jimlar abin da aka kashe, wato in aikin yayi tsada nasu ya ƙaru, to ta yaya mai wannan tsarin zai ce miki kar ki sayi abu? Wasu kuma dunƙule suke karɓa su ce kawai kizo kiga aiki, ba ki san nawa aka sayi yadi ba, ba ki san la'adar da mai shago ya basu ba. Mu dai yankewa mukayi, kuɗin aikinta N50,000, rabi a farko rabi in an gama, kaya kuma tare zamu shiga kasuwa in biya da hannuna. Na sa ta rubuto min komai a WhatsApp, ba don ban yarda da ita ba, don dai kar gobe a ce ba haka akayi ba.

Kujeru ne suka ci kaso mafi tsoka. Ni sababbi nake so, ta sa aka kifa guda ɗaya ta yage ƙyallen ƙasan ta ƙwanƙwasa katakon tace wannan firam ɗin yafi na yanzu, soso da yadi kawai za'a canza. Muka kai wa wani kafinta, ta tsaya a kansa akan lallai soso mai ƙarfi zai sa a mazauni, mai laushin a jingina, don nan ne suke ha'inci, su sa mai arha ya yi kyau a ido wata shida ya lotse. Yadin ruwan toka mai ɗan duhu muka ɗauka wanda baya nuna datti. N230,000 ya tafi a nan, da sababbi ne kuɗin gaba ɗaya ba zai isa ba.

Yadin labule a Kantin Kwari muka saya, kuma anan na koyi cewa ba faɗin taga ake aunawa a yanko daidai ba, ana ninkawa biyu don ya samu tattara, in ba haka ba sai ya tsaya kamar zanin gado da aka shanya. Tagar falon yamma take kallo, duk rana ta juya sai falon ya zama murhu musamman a Afrilu, don haka ta sa aka yi masa shafi mai kauri ta ciki, sandar labulen kuma aka ɗaga ta kusa da silin, wai sai falon ya ƙara tsayi a ido. Na ɗauka surutu ne, ashe gaskiya ne.

Fenti a Ƙofar Ruwa. Mai sheƙi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma a bango, na ruwa mai arha a silin tunda hannun yara baya kaiwa can. A nan ne kuma aka cuce ni, kuma ni na jawo. Ta kawo nata mai fentin nace yayi tsada, na ɗauko wani da aka min tallansa a unguwa, ya karɓi kafin alƙalami ya tsinka fentin da ruwa ya shafa sau ɗaya, tsohon zanen biro yana leƙowa ta ƙasa, washegari wayarsa a kashe. Sai da na sake sayen bokiti na kuma kira nata ɗin dai da na raina, N40,000 ta ƙaru a kan lissafi, Baban yara ne ya cika yana ta min tsiya wai arha bata ado.

Ita ma ba wai bata yi kuskure ba. Labulen taga ɗaya ya fito a ɗangale, awonta ne ya kuskure, amma bata ja ba tace a cire kuɗin ƙarin yadin daga nata. Sannan aikin da tace sati biyu sai da ya ci sati biyar, muna zaune a tabarma, baƙi suzo in shigar da su ɗakin yara.

Na ƙarshe ta ja ni Kasuwar Kurmi, rabona da ita tun ina budurwa. Muka ɗauki tumtum na fata guda biyu da faya-fayi masu kala guda bakwai manya da ƙanana, ta jera su a bangon bayan doguwar kujera inda nake ta mafarkin manna wolfefa. Duka bai kai kuɗin fitila ɗaya daga cikin waɗanda na gani a hoto ba.

Ranar da Gwaggo tazo ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallon bangon, tace yanzu ke faifan da muke rufe ƙwaryar fura da shi kika biya wata kuɗi ta rataya miki? Tace su a zamaninsu jere 'yan uwa ke yi, a shirya kwalla da langa da tasoshi reras har kusa da rufin ɗaki, ba wanda ake ba ko sisi sai dai a ci tuwo a watse. Nace Gwaggo ai ba rataya faifai na biya ba, hana ni ɓarna na biya. Ta taɓe baki, amma da zata tafi sai da ta tambaya ko yarinyar tana zuwa Fagge.

Teburin talabijin har yanzu tsohon ne, ƙafarsa ɗaya da kwali aka tokare, sai ɗiban adashi na gaba. Shekaranjiya kuma autana ya samu biro ya yi min zane a sabon bangon, na jiƙa tsumma ina gogewa gabana na faɗuwa, ya fita tas.