Gida mai ɗaki huɗu, doka ta ce mutum uku

Duk ƙanen da ya samu tallafin karatu zuwa Amurka, in ya ji na zauna Boulder, garin jami'a a jihar Kolorado da ke gindin duwatsu, sai ya biyo ni Harobanda da tambayar sanyi da abinci da masallaci. Masallaci akwai shi, sanyi kuma riga ce maganinsa. Ni gida ne ya ci ni, kuma ba ta wajen tsada ba, don ita tun ina Yamai aka sha gaya mini.

A 2018 ne. Mu huɗu muka haɗu, ni da wani ɗan Senegal da ƴan Indiya biyu, muka kama gida a Martin Acres, unguwar ƙananan gidajen jan bulo da aka gina a shekarun 1950 don masu matsakaicin ƙarfi. Ɗaki uku a sama, ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, shi ne nawa. Kowa dalar Amurka 800 a wata, wato sama da jika 450 a canjin lokacin, kuɗin da a nan za ka kama vila guda har da gareji da ɗakin mai gadi. Wakilin mai gidan ya karɓi kuɗin wata da na kosiyo daga hannunmu mu huɗu, amma a takardar haya sunan mutum uku ya sa. Da na tambaye shi ina nawa, sai ya yi dariya ya ce tsarin takarda ne kurum, kada in damu.

Ya san abin da yake yi sarai. Dokar garin a lokacin ta hana mutum fiye da uku waɗanda ba dangin juna ba su zauna gida ɗaya a irin waɗannan unguwanni, a unguwannin da suka fi cunkoso kuma huɗu. Da uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ko mu goma ne ba ruwan kowa. Ba a duba yawan ɗaki, ba a duba faɗin gida, jini ake tambaya.

Tsallaken titi akwai wata dattijuwa. Kullum na fito sai ta ɗaga mini hannu da murmushi. A ciyawar ƙofar gidanta ta kafa wani ɗan allo mai harsuna uku har da Larabci, yana cewa ko daga ina ka fito suna murnar maƙwabtaka da kai. Ashe kekunanmu take ƙirgawa. Huɗu ne a jingine a bango kowane dare. Ba ta taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa ba, wakilin ta kira ta ce in bai gyara ba za ta kai ƙara. Cikin Disamba, ƙanƙara ta rufe ko'ina, ya aiko saƙo cewa mutum ɗaya ya fita kafin ƙarshen wata. Ba sai an yi ƙuri'a ba. Da na nemi kuɗin kosiyona, sai ya ce shi bai san yana da wata yarjejeniya da ni ba, in nuna masa inda aka rubuta sunana.

Wani babban yaya ɗan Tawa da na sani a masallaci, mai tuƙin mota, shi ya zo ya kwashi kayana zuwa gidansa a Longmont, kimanin kilomita 25 daga nan. A hanya ina ta huci, ya bar ni sai da na gaji.

“Ƙanena, kai ka ɗauka garin nan na zama ne? Mu aiki muke zuwa yi, mu koma inda za mu iya kwana.”

“To Yaya, duk filin nan da muke wucewa fa? Na wa ne?”

“Na gari ne. Sun saye shi don kada kowa ya gina.”

Na ɗauka ba'a yake yi. Amma daga baya, kullum ina cikin bas tsakanin Longmont da jami'a, ina kallon fili shimfiɗe ba gida ko ɗaya sai shanu da ciyawa, gefe guda kuma motoci jere sun cushe hanya, sai na shiga bin diddigin abin. A 1959 mutanen garin suka kaɗa ƙuri'a suka ja layi a jikin dutse, wajen mita 1,750 sama da teku: daga nan zuwa sama gari ba zai kai ruwan famfo ba, wanda bai da ruwa kuwa ba ya gini. A 1967 suka ɗora wa kansu haraji, santi 4 cikin kowace dala 10 da aka kashe a kanti, don sayen filayen da ke kewaye da garin a bar su haka nan. Yau filin ya haura hekta 18,000. A 1971 suka ce bene kada ya wuce kusan mita 17, don kada ya tare wa mutane ganin duwatsu. A 1976 suka ƙayyade yawan sababbin gidajen da za a gina a shekara. Gari ba ya faɗi, ba ya tsawo, ga jami'a mai ɗalibai sama da 30,000, ga kamfanonin kwamfuta da cibiyoyin bincike suna ta kwararo ma'aikata masu albashi mai tsoka. Ina kuɗin gida zai nufa in ba sama ba? Gidan iyali na tsaka-tsaki ya kai ga wuce dala miliyan ɗaya. Malaman makaranta da masu jinya da masu dafa abinci, dubbai ne ke shigowa da safe su fice da yamma.

Abin da ke ba ni haushi shi ne garin ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Daga tsakiyar gari ka ɗan taka kaɗan kana cikin daji. Akwai hanyar keke da ke bin bakin rafi tana ratsa ƙarƙashin tituna, ba ka gamuwa da mota. Mapleton Hill kuwa gidajen ƙarshen ƙarni na 19 ne a ƙarƙashin manyan itatuwa, ba katanga, ba mai gadi, kana hango fitilar falo daga titi. Sai dai ka yi ta tafiya ba ka ga mai shago ba, ba mai shayi, ba fada, ba yaro ɗaya a waje, don an raba wurin kwana da wurin ciniki. Unguwar ɗalibai da suke kira Hill ce kaɗai ke da hayaniya, ita ma tun 2002 aka hana ajiye kujerar kushin a ƙofar gida saboda samari na cinna mata wuta in sun yi shagali.

Mu ma ai muna da namu. Tun 1965 aka fara dasa dogon yaro a kewayen Yamai, har ya kai hekta 2,500, don tare ƙura da iska. Kowa ya ga yadda aka yi ta yanka shi fegi-fegi, inda babu gini kuma bola ta cinye. In na wuce ta wajen nakan tuna filin Boulder, raina ya ɓaci. Amma ɗalibin da ya zo daga Tawa ko Maraɗi bai san kowa ba, zai samu tabarma a ɗakin ƴan garinsu a Harobanda, su biyar su shida, ba wanda zai ƙirga takalmansu a bakin ƙofa. Ni ban yarda sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba. Da sun bar filinsu yadda yake, suka ƙyale mutane su hau bene a cikin gari, suka bar ɗaki huɗu ya kwanar da mutum huɗu, ba itace ɗaya da zai faɗi.

A 2021 an kai maganar gaban ƙuri'a, cewa a riƙa bin yawan ɗakuna, masu jefa ƙuri'a suka kayar da ita. A 2023 majalisar garin ta ɗaga adadin zuwa biyar, a 2024 kuma jihar Kolorado ta hana garuruwanta kafa irin wannan iyaka a kan dangantaka. Ɗan Senegal ɗin ne ya turo mini labarin yana murna. Na taya shi, amma dalata 800 tana hannun wakilin nan har yau.

Don haka mai shirin tafiya, ko Boulder ko wani garin jami'a irinsa, don wasu jihohin har yanzu suna da wannan doka: kada sisinka ya fita sai ka ga sunanka a takardar haya da idonka, kuma ka karɓi rasit na kosiyo daban. In wakili ya ce maka tsarin takarda ne kurum, ɗauki jakarka. In kuma garin gefe za ka zauna don sauƙin haya, ka duba lokacin bas na ƙarshe da na ranar Lahadi kafin ka biya, don can babu kabu-kabun da zai kai ka gida in ya wuce ka.